Yadda Ake Koya wa Ƙananan Yara Zamiya a Kan Ƙanƙara

Tambaya: Wata baiwar Allah da ta koma birnin Ottawa na ƙasar Kanada tare da iyalinta ta rubuto cewa tana da 'ya'ya biyu, mace 'yar shekara shida da namiji ɗan shekara uku da rabi. Makarantar babbar ta aiko da takarda cewa za a riƙa kai 'yan ajinsu filin ƙanƙara a cikin hunturu, ƙaramin kuma ya kafe sai an saya masa irin takalmin da yake gani a ƙafar yaran maƙwabta. Ita da maigidanta babu wanda ya taɓa hawa ƙanƙara da wannan takalmi. Tana so ta san ko shekarun yaran sun kai, da abin da ya kamata ta saya, da kuma ko iyayen da ba su iya ba suna da abin da za su iya koyarwa.

Amsa: Malama, 'yarki ta kai sarai, ɗanki kuwa yana daidai bakin shekarun da mu masu koyar da zamiya muke fara karɓar yara, wato tsakanin uku da biyar. A wurinsa ba shekarun haihuwa za ki duba ba, jikinsa da halinsa za ki duba. Idan yana gudu ba ya yawan tuntuɓe, yana hawa matakala ba tare da an riƙe shi ba, yana iya tsayawa da ƙafa ɗaya ko da na daƙiƙa biyu ne, yana bin umarni gajere, kuma yana iya rabuwa da ke na rabin awa ba tare da ya tayar da hankalinsa ba, to ya isa. Idan ɗaya ko biyu daga cikin waɗannan ba su samu ba, babu asarar komai idan kika bari sai hunturun baɗi, domin yaron da ya fara yana da shekara biyar yakan cim ma wanda ya fara yana da uku cikin 'yan watanni kaɗan.

Abin da nake so ki riƙe tun daga farko shi ne, aikin hunturun farko ba gudu ba ne, ba kuma ƙwarewa ba. Aikin shi ne yaro ya iya faɗuwa ba tare da ya ji ciwo ba, ya iya tashi da kansa ba tare da an ɗaga shi ba, ya kuma bar filin yana sha'awar komawa. Duk sauran abubuwan a kan waɗannan ake ɗora su, kuma babban rabo daga cikinsu a ɗakinki za a iya koyar da shi, ko da ba ki taɓa ɗaura takalmin ba.

Yana da kyau ki fara fahimtar ƙarfen da ke ƙarƙashin takalmin, domin yawancin kurakuran iyaye daga rashin saninsa suke tasowa. Kaurinsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kuma ƙasansa ba shafaffe ba ne kamar yadda ido yake gani daga nesa. Mai wasa kaifi yakan fitar da ɗan kwarmi a tsakiyarsa daga gaba har baya, sai ya zama yana da baki biyu masu kaifi, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Waɗannan bakuna su ne suke cizon ƙanƙara. Ta tsawonsa ƙarfen yana sulalewa kusan babu abin da ke tare shi, amma ta gefe yana kamawa, saboda haka duk turawa da juyawa da tsayawa ta gefen ake yin su. Wannan ne ya sa yaron da ya yi ƙoƙarin tafiya irin ta ƙasa, yana tura yatsun ƙafarsa baya, sai ƙafar ta kuɓuce masa ya kife. Haka kuma ƙarfen yana da ɗan lanƙwasa daga gaba zuwa baya, ba duka tsawonsa ne yake taɓa ƙanƙara ba, don haka wanda ya miƙe gwiwoyinsa sambal ya mayar da nauyinsa kan dunduniya, ƙafafunsa za su wuce gaba su bar shi, ya faɗi da ƙeya. Wannan ita ce faɗuwar da muka fi tsoro, kuma maganinta ɗaya ne, a lanƙwasa gwiwa.

Game da takalmi, kuskuren da na fi gani shi ne sayen wanda ya yi wa yaro yawa da niyyar ya daɗe yana sawa. Wannan dabara tana aiki a riga da wando, amma a nan cutarwa take yi, domin ƙafar da take yawo a cikin takalmi ba za ta iya sarrafa ƙarfe mai kaurin milimita 3 ba. Za ki ga idon sawun yaron yana karyewa ciki, yana tafiya a kan gefen takalmin, mutane su ce ƙafarsa ce ba ta da ƙarfi, alhali laifin takalmin ne. Lambar takalmin zamiya takan gaza ta takalmin makaranta da kamar lamba ɗaya, musamman na hoki, wato wasan sanda da ake bugawa a kan ƙanƙara, saboda haka kada ki dogara da lamba. Ki ciro shimfiɗar cikin takalmin, ki sa yaron ya tsaya a kanta da dunduniyarsa a ƙarshen baya, abin da ya rage a gaban babban yatsansa kada ya wuce faɗin yatsan hannunki ɗaya. Sannan ki matsa wuyan takalmin da hannu, idan ya lotsa cikin sauƙi ya gama aiki, ko da kuwa fatarsa tana sheƙi. Na hannu, wato wanda wani ya yi amfani da shi, ba shi da aibi ko kaɗan muddin wuyansa yana da tauri, kuma da yake ƙafar yara ba ta shekara a lamba ɗaya, yawancin iyaye a Kanada shi suke saya a shagunan kayan wasanni na gwanjo.

Takalmin iri biyu ne. Na hoki ƙarfensa gajere ne, ya fi lanƙwasa, ba shi da haƙora. Na masu wasan salo da juyi ƙarfensa ya fi tsawo, ya zarce dunduniya kaɗan, yana kuma da haƙora a gaba. Ana yawan gardama a kan wanda ya fi dacewa da mai koyo, kuma a ganina gardamar ta fi abin girma: mai tsawon ya fi ba da natsuwa a tsaye amma haƙoransa suna sa tuntuɓe a makonnin farko, na hoki ba ya sa tuntuɓe amma ya fi saurin kai yaro baya. Wanda ya zauna daidai a ƙafa shi ne nagari. Wanda ba na so shi ne mai ƙarfe biyu a jere da ake ɗaura wa ƙananan yara a kan takalmin sanyi, domin ba shi da kaifi, ba ya sulalewa, abin da yaro ya koya a kansa kuma sai an sake warware shi.

Safa ɗaya ta isa, siririya, mai tsawo, wadda ba ta auduga zalla ba. Safa biyu ko mai kauri tana matse jini ta ƙara sanyi, tana kuma naɗewa ta haddasa bororo. Wajen ɗauri, ki buga dunduniyar yaron ta zauna a baya, ki sassauta igiya a wajen yatsu, ki ja ta da ƙarfi a daidai lanƙwasar idon sawu, sannan ki ɗan sassauta a can sama yadda yatsanki ɗaya zai iya shiga, don ya samu damar lanƙwasa gwiwa. Kada a naɗe ragowar igiya a wuyan takalmin. Sabon takalmi yawanci ba ya zuwa da kaifi, sai an kai an wasa shi kafin ranar farko, kuma iyaye da yawa ba su san haka ba, sai su yi ta mamakin yadda ɗansu ya kasa ko tsayuwa. Bayan an sauko, a goge ƙarfen da tsumma ya bushe don gudun tsatsa, kuma kada a taka siminti da shi sai da murfin roba.

Hular kwano ba abin ciniki ba ce. Mai zamiya a kan ƙanƙara ya fi mai takalmin taya saurin buga kai, kuma dalilin a fili yake: wanda ya faɗi a kan kwalta hannunsa yana tare shi, wanda ya faɗi a kan ƙanƙara kuwa hannun ma zamewa yake yi, sai fuska ko ƙeya ta isa ƙasa. Ki sayi hular hoki mai tambarin CSA, wato ƙungiyar tantance ingancin kaya ta Kanada. Irin wannan hula ce ƙungiyar wasan zamiya ta ƙasar, Skate Canada, ta wajabta wa masu koyo a tsarinta na koyarwa mai suna CanSkate har sai sun gama mataki na biyar. Hular keke ba ta wadatarwa kuma ba za a karɓe ta a ajin ba, domin an ƙera ta ne don bugu ɗaya mai tsanani, ba don faɗuwa sau da yawa ba, kuma ba ta rufe ƙeya yadda ake buƙata. Ga ɗan shekara uku ina ba da shawarar a haɗa da ragar ƙarfe ta fuska, saboda haɓa da haƙora. Hular ta sauko kan goshi, ba ta karkata baya ba, maɗaurinta kuma ya zauna a ƙarƙashin haɓa. Ga 'yarki, kitson da aka tara a tsakiyar kai ko mai duwatsun ado yana hana hula zama, kuma dutsen yana iya yi mata rauni idan ta bugu, don haka kitson da ya kwanta ya nufi ƙeya shi ya fi dacewa a wannan lokaci.

Sutura a yi ta hawa-hawa marasa nauyi, da wandon da ruwa ba ya ratsawa a sama, domin yaro mai koyo a zaune yake cinye rabin lokacinsa. Safar hannu dole ce ko a filin cikin gini, ba don sanyi kaɗai ba, har don kare yatsu daga kaifin takalman wasu. Doguwar riga da gyale ko duk wani abu mai reto ba sa hawa ƙanƙara, domin ƙarfe yana kama su. Idan 'yarki tana sa hijabi, a samo mata ƙarami na wasanni wanda yake kama kai, ba fil ba allura, a cusa ƙasansa cikin riga, a ɗora hula a kai. Ba sabon abu ba ne a wannan wasa, Zahra Lari ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta yi gasannin ƙasa da ƙasa da kanta a rufe.

Akwai maganar lafiya da ta shafe mu fiye da yadda ta shafi maƙwabtanki, kuma mai koyarwa ba lallai ne ya tuna ya tambaye ki ba. Idan ɗaya daga cikin yaran yana da sikila, sanyi da gajiya da ƙarancin ruwa a jiki suna cikin abubuwan da suke tayar da ciwon, kuma duka ukun suna haɗuwa a filin ƙanƙara, saboda haka sai kin ga likitansa kafin a fara, ki kuma sanar da makaranta. Mai asma shi ma busasshiyar iska mai sanyi tana iya tayar masa, a tafi da abin shaƙarsa. Ƙungiyar likitocin yara ta Kanada tana ba da shawarar a bar yara a cikin gida idan sanyi, ko sanyi haɗe da iska, ya kai digiri 27 ƙasa da sifili, kuma Ottawa tana ganin irin waɗannan ranaku. A fatarmu ba a cika ganin jan da littattafai suke kwatantawa ba, abin da za ki lura da shi shi ne kunci ko kunne ko yatsa ya yi fari-fari ko toka-toka, ya yi tauri, yaron ya ce ba ya jin wurin. Idan haka ta faru a shiga ciki a ɗumama wurin da ɗumin jiki ko ruwa mai ɗumi kaɗan. Kada a murza, kada a shafa man zafi, kada a gasa da ruwan zafi ko a kara a jikin na'urar ɗumama ɗaki, domin fatar da ba ta ji tana ƙonewa ba a sani ba. Idan jin wurin bai dawo ba, ko ya yi bororo, a tafi asibiti.

Yanzu ga koyarwar kanta, kuma a gida za ta fara. Ki ɗaura musu takalman da murfin roba a kan ƙarfen, ki sa musu hula da safar hannu, su yi ta yawo a kan kafet har nauyin takalmin ya daina ba su mamaki. Daga nan ki koya musu tsayuwa: ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, gwiwoyi a lanƙwashe har su rufe yatsun ƙafa idan an duba ƙasa, hannaye a gaba daidai ƙugu, ido yana kallon gaba. Sai faɗuwa, wadda za ki mayar da ita wasa. Yaro ya tsuguna, ya karkata gefe, ya zube a kan cinya da mazaunai, haɓarsa a kan ƙirji don kada kai ya bugu. Ki koya masa cewa duk lokacin da ya ji zai faɗi, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, domin wannan kaɗai yana sauko da nauyinsa ƙasa ya kawo shi gaba, sau da yawa ma faɗuwar sai ta fasa. Wanda ba a koya masa ba hannaye yake watsawa sama, ya miƙe, ya tafi ta baya.

Tashi yana da tsari, kuma tsarin ba ya canzawa. Ya juyo ya yi rarrafe a kan gwiwa da hannu, ya kafa ƙafa ɗaya a tsakanin hannayensa, ya dafa wannan gwiwar da hannu biyu ko ya bar hannayen a ƙasa, ya kawo ɗaya ƙafar, sannan ya miƙe a hankali gwiwa a lanƙwashe. Su maimaita wannan a kan kafet har ya zama ba sa tunani kafin su yi. Ki haɗa musu da doka guda, cewa wanda ya faɗi ya dunƙule yatsunsa ya janyo hannayensa jikinsa, kuma ba a kwanciya a tsakiyar fili. Yaron da ya zo ajina ya riga ya iya tashi ya wuce takwarorinsa da darasi biyu ko uku, kuma shi ne ba ya kuka, domin abin da yake firgita yara ba faɗuwar ba ce, zama a ƙasa ne suna ta fafutuka sun kasa miƙewa mutane suna wucewa ta gefensu.

Ranar farko a kan ƙanƙara, ku zaɓi filin cikin gini a lokacin da babu cunkoso, domin ƙanƙararsa a daidaice take, babu iska, akwai kuma bango. Ana shiga ne ta gefe, hannu a kan bango, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Abu na farko shi ne a zauna da gangan a tashi, don jikinsa ya tabbatar cewa abin da ya koya a gida yana aiki a nan. Na biyu shi ne taku ƙanana, yana ɗaga ƙafa yana ajiyewa a wuri ɗaya, sannan yana matsawa gaba, yatsun ƙafa suna ɗan kallon waje. Tatata ce aka koma, kuma kamar ta farkon, ba a yi mata gaggawa. Idan takun ya zauna, sai a ce ya yi taku huɗu ko biyar ya haɗa ƙafafunsa ya bari ƙanƙara ta tafi da shi. Wannan sulalewar ta farko, ko da ta tsawon taku ɗaya ce, ita ce mashigar wasan gaba ɗaya. Wani yaron yakan same ta a ranar farko, wani sai a mako na huɗu, kuma bambancin ba ya nuna wanda zai fi ƙwarewa daga baya.

A nan zan yi maganar da iyaye ba su cika son ji ba. Riƙe hannun yaro yana jinkirta koyonsa. Babba ya fi shi tsawo, saboda haka hannun yaron sama yake tafiya, jikinsa ya miƙe, nauyinsa ya rataya a kan wani, ƙafafunsa kuma ba su koyi komai ba. Bayan haka, fizgar hannun ƙaramin yaro sama a lokacin da zai faɗi tana iya gurɗa masa gwiwar hannu, abin da likitocin yara suka saba gani a 'yan ƙasa da shekara biyar. Idan tallafi ya zama dole, wanda ya iya zamiya ya tsaya a gabansa yana fuskantarsa, ya miƙa tafin hannu a ƙasa daidai ƙugun yaron ya dafa, ko ya tallafe shi ta baya a haƙarƙari. Ke da maigidanki kuwa, tun da ba ku iya ba, kada ku riƙe su a kan ƙanƙara ko kaɗan, domin babban da ya faɗi a kan yaro ya fi ƙanƙarar haɗari, kuma ba a ɗaukar yaro a hannu ko a goye a cikin fili, ko da mutum gwani ne. Abin turawa da ake bayarwa a wasu filaye, mai kama da kujera, yana da amfani na minti biyar ko goma ga yaron da tsoro ya hana shi motsi, amma idan ya daɗe a kansa yakan saba da kifa ƙirji a gaba yana tura ƙafa baya, ranar da aka janye kuma sai a koma farko.

Bayan sulalewa da ƙafa biyu, sai tsugunno a cikin tafiya, sai kuma buɗe ƙafafu da rufe su ba tare da an ɗaga su ba: dunduniyoyi a haɗe, a danna bakin ciki na ƙarfen a tura waje, sannan a juyo yatsu ciki a janyo su su haɗu, sawun da aka bari a kan ƙanƙara ya fito da siffar kifi. A wannan motsi ne yaro yake fara jin kaifin da na yi miki bayani, kuma daga gare shi birki yake fitowa. Ana koyon birki a tsaye tukuna, hannu a bango, yana kankare ƙanƙara da ƙafa ɗaya zuwa gefe har ya tara ɗan gari. Idan ƙafar ta kafe ta ƙi tafiya, ya danne kaifin da yawa ne, sai ya ɗan rage karkatar ƙarfen. Daga nan ya gwada a cikin tafiya a hankali, gwiwa a lanƙwashe, yatsu suna kallon juna, dunduniya a waje. Ba na barin yaro ya ƙara sauri sai ya iya tsayawa, domin wanda bango ne birkinsa wata rana ɗan wani zai zama birkinsa. Turawa da gefen ƙarfe, sulalewa da ƙafa ɗaya, da tafiya da baya, duk suna zuwa daga baya, kuma a nan ne hannun mai koyarwa yake zama dole.

Ɗan shekara uku ba ya koyo da bayani. Idan aka ce masa ya lanƙwasa gwiwa zai yi na daƙiƙa ɗaya ya manta, amma idan aka watsa ƙananan kayan wasa a kan ƙanƙara aka ce ya tsinto su ya zuba a bokiti, zai tsuguna ya miƙe ya juya sau da yawa bai san darasi yake yi ba. Minti 20 zuwa 30 sun ishe shi, 'yarki kuma za ta iya kai 45. Zuwa sau biyu a mako na ɗan lokaci ya fi zuwa sau ɗaya a wata na awa biyu nesa ba kusa ba. Ku sauko tun yana jin daɗi, kafin sanyi da yunwa su ɓata ranar. Idan ya yi kuka ya ƙi shiga, a bar shi ya zauna a benci ya kalli yayarsa, kada a yi masa gori, kada kuma a gwada shi da ita ko da ɗan maƙwabta. Ki lura da fuskarki ma, domin yaron da ya faɗi uwarsa yake fara dubawa, idan ya ga kin zabura kina salati sai ya fashe da kuka, idan ya ga kin natsu sai ya juya ya tashi.

Shawarata ita ce ki sa su duka biyu a aji. Tsarin CanSkate yana da matakai shida, an gina shi a kan abubuwa uku, daidaita jiki da sarrafa tafiya da zafin nama, kuma ƙungiyoyi da yawa suna da ajin share fage na 'yan shekara uku zuwa biyar. Hukumar birnin Ottawa ita ma tana da nata azuzuwan a filayen unguwanni, har da na manya, kuma zan so ke ko maigidan ɗayanku ya shiga, domin yaran da iyayensu suke hawa tare da su sun fi samun lokacin maimaitawa. Idan kuɗin ya yi nauyi, akwai gidauniyoyi irin su Jumpstart da KidSport da suke taimaka wa iyalai da kuɗin rajistar wasannin yara. Gurabe suna cika da wuri, a nemi rajista tun kafin sanyi ya shigo. Kafin ranar da makaranta za ta kai su, ki tabbatar 'yarki ta hau ƙanƙara ko sau biyu ne, don kada ranarta ta farko ta kasance a gaban 'yan ajin da suka fara tun suna shekara uku.

Idan yaro ya buga kai, ko da hula, a fitar da shi daga fili a ranar, a sa masa ido. Amai, ciwon kai mai ƙaruwa, magagi ko barcin da ba a saba gani ba, tangaɗi, ruɗewa, ko suma ko da ta ɗan lokaci ce, duk suna bukatar likita nan take. Wuyan hannun da ya kumbura yaron ya ƙi amfani da shi, shi ma a kai a ɗauki hoto.

Saura maganar ƙanƙarar da Allah ya daskarar a waje. Za su ji labarin mashigin ruwa na Rideau, wanda yake zama filin zamiya mai tsawon kilomita 7.8 a tsakiyar birninku, kuma za su so zuwa. Hukumar da ke kula da shi ba ta buɗe shi sai kaurin ƙanƙara mai kyau ya kai santimita 30, tana kafa koriyar tuta idan a buɗe yake, ja idan a rufe, kuma a hunturun 2022 zuwa 2023 ba a buɗe shi ba ko kwana ɗaya saboda sanyin bai isa ba. Ko a buɗe yake, ƙanƙararsa tana da tsaga da gargada, babu bangon dafawa, ba wurin darasin farko ba ne, a bari sai sun iya birki. Tafkuna da kududdufan unguwa kuwa, musamman waɗanda aka haƙa don tara ruwan sama, ki hana su hawa gaba ɗaya, domin ruwa yana gudana a ƙarƙashinsu, gishirin da ake watsawa a titi kuma yana gangarowa ya raunana ƙanƙarar. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta Kanada ta sa santimita 15 a matsayin mafi ƙarancin kauri ga mutum ɗaya, 20 ga taron masu wasa, kuma ido ba ya auna wannan. Mai launin shuɗi garau ita ce mafi ƙarfi, fara ba ta kai ta ba, mai ruwan toka kuwa alama ce ta ruwa a ciki. A watan Disamba na 2022 yara maza huɗu suka rasu a wani tafki a Solihull ta Ingila bayan ƙanƙara ta fashe da su. Ki koya wa 'yarki tun yanzu cewa idan ta ga wani ya burma, ko ƙaninta ne, ba ta bin sa. Ta tsaya a gaɓa, ta yi ihu ta kira babba a buga lambar gaggawa ta 911, babban kuma ya miƙa sanda ko ya jefa igiya daga inda ƙasa take da ƙarfi.